Ƙadangaruwa Ta Rasu Kafin Layin Vandi Ya Zo

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma haushin da ya ƙi kwanciya, Vandi Zira, mai walda a unguwar Yelwa cikin garin Mubi, tare da maiɗakinsa Rachael da ɗaukacin iyalansa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da abokan da ba na arziki ba, rasuwar 'yar motarsa ta tsere, wadda aka fi sani da Ƙadangaruwa. Marigayiyar ta cika ranar Asabar da ta wuce, da ƙarfe biyu da rabi na rana, a filin tsere na bakin Mayo Bani, bayan gajeriyar rashin lafiya da mutum uku suka haɗa hannu suka ɗora mata. Ta rasu mai ita yana tsaye taku ashirin daga inda take, hular kwano a kansa, bai ko zauna a kujerarta ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, irin 'yar motar nan ce da ake kira go-kat, mai kujera ɗaya, ba rufi ba ƙofa, cikinta na kusan jan ƙasa, shi ya sa aka laƙaba mata wannan suna. Ba daga kanti ta fito ba. A shagon Vandi aka haife ta, kuma naƙudar ta ɗauki shekara uku cur. Ta wajen uwa, injin ban-ruwa ce da ya yi aiki a lambun albasa can Betso har ya gaji aka jefar da shi bayan rumbu. Ta wajen uba, ƙarfen tsohon gadon surukar Vandi ne da guntayen bututun famfo. Kujerarta kuwa farar kujerar roba ce da aka yanke wa ƙafafu. Asalin dai ba wani na a zo a gani ba ne, amma ta fi wasu masu gemu tarbiyya, kuma za a ji sunayensu nan gaba.

Abu guda ya bambanta ta da sauran motocin filin. Ba ta da abin takawa da ƙafa. Totur ɗinta da birkinta duka a hannu suke, manne da sitiyari, kuma duk Yelwa an san dalili. Shan inna ta taɓa ƙafar Vandi ta dama tun yana ɗan shekara uku, da sanda yake tafiya. Shekara ashirin da biyu yana walda salansar baburan mutane, yana ɗinke ƙashin keke napep, masu su na hawa su ba ta wuta su bar shi da hayaƙi. Shi kuwa duk inda za shi a bayan wani ake goya shi, sandarsa a gicciye kan cinya. Don haka ya ƙera Ƙadangaruwa, kuma burinsa ɗaya ne tak: ya murɗa totur har ƙarshe, sau ɗaya, a gaban mutanen Mubi, iska ta buge shi a fuska ba ƙeyar wani a gabansa.

Bai yi gaggawa ba. Da ya gama haɗa injin, ya ce sabon haɗi sai an lallaɓa shi ya zauna. Wata uku yana zagaya filin bayan shagonsa da ita a hankali, tafiyar da mai tallan kunu ma za ta wuce ta. Rachael takan leƙo ta ce, “Baban Eva, akuya fa ta sha gabanka.” Sai ya ce, “Ki bar ta ta sha. Ranar tsere za ki gani.” Ko rabin totur bai taɓa murɗawa ba. Ajiye shi ya yi don ranar.

Halayen marigayiya kuwa, wanda ya zauna da ita zai shaida. Ja ɗaya ake yi wa igiyarta ta tashi, ba a roƙonta, ba a tura ta. Ba ta da zarin mai. Ba ta zubar da baƙin mai a gidan mutane. Idan tana hutawa, muryarta tuf-tuf-tuf-tuf ce, a natse, ba hayaniya. Idan an ɗan taɓa totur sai ta amsa da girrr, gajere, cikin ladabi. Ba ta taɓa yi wa kowa gardama ba, kuma da ta ɗan iya gardama da yanzu tana raye.

Tseren da ya ci ranta na juriya ne, wanda wasu abokai suke shiryawa tsakaninsu kafin ruwan farko ya sauka a shuka filin. Ƙungiya biyar, kowace da motarta ɗaya da direba huɗu. Ana tashi ƙarfe goma na safe a tsaya ƙarfe huɗu, kowane direba awa ɗaya da rabi, wadda ta fi yawan zagaye ita ta ci. Abin da ake ci kuwa bunsuru ne, wanda ko wa ya yi nasara a nan filin ake gasa shi kowa ya ci. A kan wannan bunsuru aka yi kisan kai.

Tunda doka ta ce sai mutum huɗu, Vandi ya ɗauko abokansa uku da suke buga dara tare a ƙofar shagonsa. Na farko Edwin, ma'aikacin ofis, babbansu a shekaru da kuma tumbi, wanda ya naɗa kansa ciyaman tun kafin a ce akwai ƙungiya. Na biyu Ishiyaku, mai kantin magani, wanda ake kira Dokta don ladabi, shi kuma ya ɗauka da gaske ne. Na uku Clinton, direban keke napep, mutumin da bai taɓa ganin birki ya gane amfaninsa ba. A cikin shekara ukun da aka yi ana ƙera marigayiya, gudummawar su ukun ita ce zama a benci suna cewa ba za ta tashi ba.

Ana saura kwana biyu aka zauna rabon layi. Vandi ya ce shi zai fara, tunda shi ya san halinta, kuma da safe inji ya fi jin daɗi. Edwin ya gyara zama, ya ce, “Haba ƙanena. Ko nama ake rabawa ai babba ke fara ɗauka. Ba mu za mu ɓata tsarin gida don mota ba.” Ya ɗauki safiya, lokacin sanyi. Ishiyaku ya ɗauki na biyu. Aka zo kan Clinton da Vandi, sai ga ƙato ɗan shekara arba'in da ɗaya yana kiran mahaifiyarsa a waya ta tabbatar ya girmi Vandi da wata huɗu. Wata huɗu, jama'a! Mutumin da ya ƙera motar da hannunsa, wanda tartsatsin walda ya huda masa riga ɗaiɗai har bakwai, shi aka bar wa abin da ya rage a faranti. Edwin har da dafa masa kafaɗa: “Kai za ka rufe, tafin ƙarshe naka ne.” Vandi ya ce, “To, Yaya.” Ya roƙe su abu ɗaya kawai, duk lokacin da za a canja direba a bar ta ta huta minti biyar a inuwa, shi ya duba baƙin mai. Suka ce ai wannan ba sai an faɗa ba.

Ciwon ya fara ne da ƙarfe goma daidai, lokacin da Edwin ya saki nauyinsa a kujerar roba. Marigayiya ta ce ƙiiiƙ, ta yi shiru, ta ɗauka. Ciyaman ya yi awa ɗaya da rabi hannu ɗaya a totur ɗaya a birki, duka a matse, saboda yana son gudu kuma yana tsoronsa. Duk wanda ke bakin fili ya ji ƙaurin birki. In ya zo daidai rumfar mata sai ya saki sitiyari ya ɗaga hannu yana gaisuwa. Da ya sauko ya ce motar ba ta da ƙarfi. Vandi ya durƙusa da ƙafa ɗaya, ya duba mai, ya shafa ta, ya ba ta minti biyar ɗinta. Wannan ne hutu na ƙarshe da ta samu a duniya.

Ishiyaku ya karɓa. Zagaye na uku ya kwashi tayoyin da aka jera a kan kwana, na bakwai ya hau kunyar gona ya lanƙwasa salansa, daga nan muryarta ta koma faf-faf-faf, ta shaƙe. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya tsaya a tsakiyar fili, inji na ci, rana na dukanta, yana yi wa wata mata bayanin yadda ake shan maganin tsutsar ciki. Motoci huɗu suka wuce shi sau biyu-biyu. Da ya ga an bar shi baya sai ya rama a jikin marigayiya, ya yi ta figarta har ƙarfe ɗaya. Da ya shigo wurin canji, Vandi na ɗingisowa da gwangwanin mai daga ƙarƙashin bishiyar da yake zaune, Clinton ya riga ya faɗa kujera. Edwin na ihu, “Ba lokaci! Ba lokaci! Muna na huɗu!” Kafin Vandi ya iso, ƙura kawai ya tarar.

Abin da Clinton ya yi, duk Mayo Bani sun gani, kuma abin takaici, tafa masa suka yi. Ya murɗa totur har ƙarshe. Totur ɗin nan da mai shi ya yi wata uku yana tattali, bai taɓa kai shi rabi ba, wani ne ya fara buɗe shi, yana dariya. Marigayiya ta yi wata murya da Vandi bai taɓa ji ba, wiiiiii, doguwa, mai daɗi. Ashe haka take. Ya tsaya riƙe da sandarsa yana kallon abin da ya haifa yana wuce motoci ɗaya bayan ɗaya, ya rasa murna zai yi ko kuka. Da hannun Clinton ya gaji, sai ya zaro robar da yake ɗaure labulen kekensa da ita, ya ɗaure totur a buɗe, ya huta abinsa. Haka ta yi fiye da awa guda tana gudu ba sassauci, da shaƙaƙƙiyar salansa, ba a duba mata mai ba, a ranar Afrilu ta Mubi. Wajen biyu da kwata ta fara tari, kaf, kaf-kaf, kaf. Vandi ya ɗaga sanda yana yi masa alamar ya shigo. Clinton ya ɗaga masa babban yatsa ya wuce.

Biyu da rabi ya shigo da ita, suna na biyu. Tana haƙi, ƙarfenta na ta tas-tas-tas don zafi, amma tana da rai. A rubuta wannan, tana da rai. Minti goma a inuwa da ɗan baƙin mai sun ishe ta. Vandi ya san haka. Ya sa hular kwano, ya ɗaure igiyarta, Rachael ta gyara masa wuyan riga, ya kama sanda ya taso. Layinsa ya zo.

Sai Dokta ya sa bayan hannu kusa da injin, ya janye, ya ce, “Kai! Wannan zazzaɓi ne mai ƙarfi. Sai an sauke zafin yanzu-yanzu.” Ya juya ya ga kular da Rachael ta kawo, wadda aka sa zoɓo a ciki, zoɓon ya ƙare saura ruwan ƙanƙara da dunƙulenta. Ya sunkuce ta da hannu biyu. Edwin ya ce, “Yauwa, Dokta, yi sauri.” Clinton har da matsawa gefe ya ba shi hanya.

Vandi ya gani. Ya yi ihu, “Ishiyaku, kada! Kada ka zuba!” Amma mota huɗu na ruri a fili, ba mai jin kowa. Taku ashirin ne tsakaninsu. Mai ƙafa biyu da ya kai, ya riƙe hannun. Vandi ya jefa sanda gaba, ya ja ƙafa, ya sake jefawa, bai taɓa yin sauri irin na ranar ba, kuma bai isa ba. Ruwan ya sauka. Marigayiya ta ce tsssss, farin tururi ya tashi, sannan ta ce ƙas, sau ɗaya. Kan injin ya tsage daga fulogi har gindi. Kalmarta ta ƙarshe ke nan.

An ja igiya sau goma sha ɗaya. Vandi da kansa ya ce a daina. Ya tsaya a kanta da hular kwano, ruwan sanyi na bin ƙarƙashin takalminsa, sauran motocin na wucewa. Bai zagi kowa ba, kuma iyali na ganin wannan kuskure ne.

Ana so jama'a su san ta'aziyyar da mutum ukun suka yi a wurin, don kada a ce an zalunce su. Ishiyaku ya ce, “Da ma ciwon ya riga ya ci jikinta, ko ban zuba ba sai ta tafi.” Clinton ya ce, “Wallahi motar nan yana so ya gudu, Vandi ne ya hana shi tun farko. Ni na taimake shi.” Edwin ya ce a matsayinsa na ciyaman zai kafa kwamiti. Bayan haka su ukun suka wanke hannu suka ci bunsuru, Edwin ma ƙari ya nema. Tir da wannan hali. Allah wadai.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu, biyu a cikinsu da sauran lafiya. Ta bar sitiyari ɗaya, sarƙa ɗaya, kujerar roba da ta tsage a gefen hagu tun zamanin mulkin Edwin, da rabin galan na fetur da aka tanada don layin Vandi, ba a ko buɗe ba. Ta bar yayarta, janareton shago, wadda tun ranar take ƙin tashi sai an ja sau biyar. Ta bar Rachael, wadda ta rasa kula da natsuwa rana ɗaya, tana ta cewa da ta sani da ruwan zafi ta kawo. Ta bar mai ita, Vandi, wanda ya yi kwana uku yana gwada ɗinke tsagar, ya san ba za ta ɗinku ba, yana yi dai don hannunsa ya samu abin riƙewa. Ta kuma bar direbobi uku cikin ƙoshin lafiya, ba abin da ya same su, ko ƙwarzane.

Ana karɓar gaisuwa a shagon Vandi da ke Yelwa, daga safe zuwa la'asar. Ana roƙon masu zuwa su kiyaye abu biyu. Kada wanda ya ce, “Ai sai a sa wani inji.” An ji, an gode. Vandi ya fi ku sanin inda ake samun inji. Wancan shi ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya wanke da hannunsa, ya saurari numfashinsa wata uku, kuma ruwa na gab da sauka, mai fili zai shuka masararsa. Na biyu, kada wanda ya ce, “Ai kun kusa cin na ɗaya.” Wa ya kusa? Shi dai a ƙasa ya ga tseren, a tsaye, yadda ya saba ganin komai. An ɗauke bencin dara daga ƙofar shago har sai abin da hali ya yi.

Jana'iza kuwa za a yi ta ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, a filin da ta rasu. Bayan an gama za a maido da gawar zuwa Yelwa a rataye ta a bangon shago, inda duk mai wucewa zai gan ta ya tambayi abin da ya faru, a kuma gaya masa da sunaye.

Tsarin rakiyar gawa shi ne kamar haka. Ƙarfe biyu da rabi daidai za a ajiye marigayiya a kan layin tashi. Vandi zai zauna a kujerarta, ya kama sitiyarinta. Edwin da Ishiyaku da Clinton za su tsaya a baya su tura. Za su tura ta zagaye bayan zagaye har ƙarfe huɗu, awa ɗaya da rabi, ba za a rage minti ɗaya ba, domin layinsa ne kuma bai yafe ba. Ba tafiya aka ce ba, gudu aka ce. Sun amince, bayan Rachael ta zaga gidajensu ta zauna da matansu ɗaya bayan ɗaya. Edwin ya aiko da takarda cewa yana da hawan jini, aka duba aka ga Ishiyaku ne ya sa hannu, aka mayar masa da abarsa.

Vandi ya san turi ba gudu ba ne. Ya san iskar da ƙarti uku masu haƙi za su samar masa ba za ta ko ɗaga masa riga ba. Rachael ta tambaye shi, “Baban Eva, to me za ka samu a ciki?” Ya ce, “Zan zagaya filin ni ke riƙe da sitiyari. Su kuma su ga bayana.”

Ana gayyatar kowa da kowa, na Yelwa da na Betso da duk wanda ya tafa wa Clinton ranar nan. Ku zo ku jeru a bakin fili yadda kuka jeru. Idan ya zo wucewa, ku tafa, ku yi ihu, ku kira sunansa yadda ake kiran direba. Abu ɗaya iyali suka haramta: kada wanda ya kalle shi ya ce masa sannu. Shekara talatin da takwas ke nan yana shan sannu a garin nan, ta ishe shi.

Sanarwa daga iyalan Vandi Zira, Yelwa, Mubi.